Rok Mai Dogon Zango: Yadda Za Ka Zaɓi Gwanayen Faya-fayanka

Tsakanin 1969 da 1977 wasu samari a Ingila, yawancinsu ba su kai shekara 30 ba, suka ƙi yarda cewa dole waƙar rok ta ƙare a minti 3. Sai suka riƙa gina waƙa ɗaya ta cinye gefen faifai sukutum, suna zuba mata salon kiɗan coci da na jaz da na manyan makaɗan Turai na dā, suna sauya kari a tsakiyar tafiya ba tare da neman izinin masu rawa ba. Shi ne kiɗan da Turawa ke kira progressive rock, masoyansa kuma su ce prog a taƙaice.

Duk wanda ya shigo harkar yau, jeri ne zai fara tarbarsa. Mujallar Rolling Stone ta fitar da nata a 2015, faya-fayai 50, ta ɗora The Dark Side of the Moon na Pink Floyd a sama, In the Court of the Crimson King na King Crimson na bi masa. Irin waɗannan jerin suna da amfani, domin suna nuna maka inda za ka fara tono. Amma ba za su iya gaya maka wanne ne naka ba. Abin da nake so in koya maka a nan shi ne yadda za ka auna faifai da kunnenka, tun daga farkonsa har ƙarshensa, ka gane ko tsawonsa ya biya ka ladan lokacin da ka ba shi. A wurina wannan ce tambayar da komai ke rataye a kanta.

Mataki na farko: shata iyaka

Kada ka buɗe ƙofa da yawa. Ɗauki Oktoban 1969 a matsayin mafari, watan da King Crimson suka fitar da faifansu na farko, wato In the Court of the Crimson King, 'yan watanni bayan sun yi wasa a Hyde Park da ke Landan gabanin ƙungiyar Rolling Stones a ranar 5 ga Yuli. Akwai waɗanda suka share fage kafin nan, irin su Moody Blues da Procol Harum da The Nice, amma a nan ne abin ya tsaya da ƙafafunsa. Ka rufe a 1977, shekarar da Pink Floyd suka fitar da Animals, Yes kuma suka fitar da Going for the One, lokacin da kiɗan punk na su Sex Pistols ya riga ya karkatar da hankalin matasan Birtaniya.

Cikin wannan zango ƙungiyoyi shida ne suka fi tashe: King Crimson, Yes, Genesis, Pink Floyd, Jethro Tull, da Emerson, Lake & Palmer. Ga tulin da nake ba da shawarar ka fara da shi. Daga King Crimson, na 1969 ɗin da Red na 1974. Daga Yes, Fragile na 1971 da Close to the Edge na 1972. Daga Genesis, Foxtrot na 1972 da Selling England by the Pound na 1973. Daga Pink Floyd, The Dark Side of the Moon na 1973 da Wish You Were Here na 1975. Sai Thick as a Brick na Jethro Tull, 1972, da Tarkus na Emerson, Lake & Palmer, 1971. Ka ƙara The Snow Goose na Camel, 1975, da Pawn Hearts na Van der Graaf Generator, 1971. Sun zama 12.

Da gangan na bar masu faifai bibbiyu a waje. Tales from Topographic Oceans na Yes waƙa 4 ne kacal, amma sun kai kusan minti 80, kuma bayansa ne mai fiyanonsu Rick Wakeman ya bar ƙungiyar a 1974 don bai gamsu da shi ba. The Lamb Lies Down on Broadway na Genesis ya haura minti 90. Waɗannan sai kunne ya nuna tukuna.

Mataki na biyu: saurara yadda aka gina abin

Faifan garmaho mai faɗin inci 12 yana ɗaukar kamar minti 20 zuwa 25 a kowane gefe. In aka matsa masa fiye da haka, layukan da allura ke bi sai su ƙuntata, sauti ya ragu. Wannan iyakar ce ta yanka wa makaɗan nan ma'auni. Shi ya sa za ka ga "Tarkus" ta kai minti 20, "Echoes" ta Pink Floyd da "Supper's Ready" ta Genesis kowacce ta kai wajen 23, "Close to the Edge" kuma ta ɗan haura 18. Suna tsara waƙoƙi ne da sanin cewa mai sauraro zai tashi ya juya faifai, don haka ƙarshen gefen farko da farkon gefe na biyu wurare ne da aka yi wa tanadi na musamman.

A waya wannan rabon ya ɓace, sai ka maido shi da kanka. Kafin ka danna, nemo jerin waƙoƙin asali, ka san inda gefen farko ya ƙare. In ka kai nan, tsaya, ka miƙe, ka sha ruwa, sannan ka ci gaba. Ka kashe tsarin nan da ke hautsina waƙoƙi. Ka sauke faifan a waya tun da wuri in da hali, don kada talla ko yankewar intanet su datse maka waƙa a tsaka. Waƙoƙin ƙari da kamfanoni ke liƙawa a ƙarshen sababbin bugu, ka bar su sai wani jiƙon, domin ba sa cikin ginin.

Lasifikar waya ba za ta yi ba ko kaɗan. Tana cinye jitar bes, kuma rabin daɗin Yes a hannun mai bes ɗinsu Chris Squire yake, da jitarsa ƙirar Rickenbacker mai ƙara kamar ana kaɗa waya. Sa abin ji a kunnuwa biyu, ba ɗaya ba, saboda an raba sautin hagu da dama, kuma sau da yawa jita na gefe guda tana amsa wa ogan da ke ɗaya gefen. Za ka ci karo da bugu iri-iri na faifai ɗaya. Tun daga 2009 Steven Wilson ya sake haɗa sautin faya-fayan King Crimson daga tef na asali, daga baya ya yi wa Jethro Tull da Yes da Gentle Giant. Aikinsa yana fito da kowane kayan kiɗa sarai, kuma ga sabon shiga shi na fi so. Abin kiyayewa kawai, in za ka gwada faifai biyu, kada ka bari tsabtar sautin ɗaya ta rinjaye ka a kan ginin ɗayan.

Ajiye ɗan littafi da biro a gefe. In wani wuri ya kama ka, rubuta mintinsa. In hankalinka ya tafi wani waje, rubuta mintin shi ma. Wannan na biyun ya fi na farkon amfani.

Mataki na uku: shiga ta ƙofar da ta dace da kai

Mai son waƙa mai taushi da kalmomi a fili ya fara da The Dark Side of the Moon. Minti 43 ne, bugun zuciya ne ke buɗe shi, shi ne kuma ke rufe shi, zancensa a kan lokaci ne da kuɗi da mutuwa da taɓin hankali. Mai son sarewa da jitar katako ya fara da Jethro Tull, inda Ian Anderson ke busa yana tsaye a kan ƙafa ɗaya. Wanda Turanci ke yi wa nauyi, ko baitoci ke raba masa hankali, ya ɗauki The Snow Goose, wanda kiɗa ne zalla. Wanda ya san Phil Collins ta waƙoƙin soyayyarsa na shekarun 1980 ya nufi Genesis, zai same shi a bayan ganguna, Peter Gabriel ne ke waƙa, har zuwa 1975 da Gabriel ya tafi. Mai son kiɗa mai nauyi da kaushi kuwa, Red na jiransa. Pawn Hearts ka bar shi a ƙarshe, muryar Peter Hammill sai an saba.

Mataki na huɗu: koyi bin take

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan zan daɗe.

Kunnenmu ya san take. Da makaɗi ya ɗora sanda ka san na wane ne, tun kafin a buɗe baki. Doguwar waƙar prog ita ma tana da nata taken, wato ɗan guntun kiɗan da za ka iya rerawa da baki. Bambancin shi ne ba ya dawowa kowane minti kamar amshi. Sai a ɗora shi, a ɗauke, a tafi da kai nesa, sannan a dawo da shi cikin wata kama. Gwanin faifai shi ne wanda in taken ya dawo za ka ji tafiyar da aka yi ta canza shi. Wanda bai ƙware ba kuwa guntaye ne aka jera, wannan na bin wancan, ba abin da ya haɗa su sai suna ɗaya.

Fara gwaji da "Firth of Fifth" a Selling England by the Pound, domin ita ta fi sauƙin bi. Tony Banks ne ke buɗe ta shi kaɗai da fiyano, da sauri, yatsu na hawa da sauka. Riƙe wannan a ka. Bayan baitocin farko kiɗa zai lafa, Gabriel ya busa wani take a sarewa, siriri, mai kama da kuka. Shi ma riƙe shi. Daga nan na fiyanon zai dawo, amma yanzu duk ƙungiyar ce ta ɗauke shi, da ganguna da komai. Sai wajen minti 6 Steve Hackett ya karɓi taken sarewar nan a jitar lantarki, ya ja shi, ya shimfiɗa shi, har ya cika ko'ina. Kiɗan ɗaya ne, ba a ƙara masa komai ba, amma abin da ya zo maka a raɗa ɗazu yanzu ya zo da faɗin ƙirji. In ka ji wannan sau ɗaya, ka samu ma'aunin da za ka auna saura.

Sai ka haura zuwa "Close to the Edge". Kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa ne ke fara tasowa a hankali, sai kwatsam jitar Steve Howe ta ɓarke da gudu, gangunan Bill Bruford na bi ta wata hanya dabam, kamar kowa na ta kansa. Mutane da yawa a nan suke kashewa. Daure. Sau da dama muryoyi za su datse hargitsin na ɗan daƙiƙa, su sake shi. Wajen minti 3 hayaniyar za ta washe, taken ya fito fili a jita, a natse. Duk abin da zai biyo baya daga wannan taken da amshin da Jon Anderson ke rerawa aka sassaƙo shi. Bayan minti 8 ganguna za su yi shiru ɗungurungum, sai ɗigar ruwa da muryoyi masu amsa wa juna, har wajen minti 12 inda Wakeman ke shigowa da ogan ɗin coci na gaske, wanda aka ɗauka a cocin St Giles da ke Cripplegate a Landan. Daga nan gudu ya dawo, amshin ya hau can sama, tsuntsayen su rufe. An haɗa waƙar ne gaɓa-gaɓa a sitidiyon Advision, Eddie Offord na yanka tef yana liƙawa, amma in ka bi taken ba za ka ji ɗinkin ba. Bruford ya bar Yes da gama wannan aikin ya koma King Crimson.

Na ukun ita ce "Starless", mai rufe Red, minti 12 da 'yan kai. Tana farawa da take mai sanyi a jitar Robert Fripp, John Wetton ya rera baitoci uku. Wajen minti 4 da rabi komai zai faɗi, ya rage bes kaɗai tana maimaita wani zagaye mai bugu 13. Fripp ya kama sauti ɗaya tak a jita, ya yi ta buga shi, ya ɗan hau kaɗan, ya sake tsayawa, ya sake hawa. Haka zai yi ta yi har tsawon mintoci, Bruford na ƙara ƙwanƙwasa ƙarafa da katako a bayansa, ƙirjinka na ɗaurewa. Sai wajen minti 9 abin ya fashe da saksofon da gudu. A ƙarshe taken farkon nan mai sanyi ya dawo, amma bes ɗin Wetton na ƙarƙashinsa tana ruri. Fripp ya rusa ƙungiyar a Satumban 1974, faifan ya fito a Oktoba, don haka wannan ce waƙar ƙarshe a faifan sitidiyo na ƙarshe da King Crimson ta yi a shekarun 1970. Ban san wata waƙar rok da ta san darajar haƙuri kamarta ba.

Yanzu ka ɗauki wannan ma'aunin ka kai shi kan kowace doguwar waƙa a tulinka. "Supper's Ready" sassa 7 ne, kuma a tsakiya akwai inda za ka ji kamar an canza tasha, amma ƙarshenta yana dawo da waƙar farko da ƙarfin da zai sa ka yafe. "Shine On You Crazy Diamond" an raba ta biyu, rabi ya buɗe Wish You Were Here, rabi ya rufe shi, sautuka 4 na jitar David Gilmour ne ginshiƙinta. An yi ta ne don Syd Barrett, wanda da shi aka kafa Pink Floyd kafin rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ta raba shi da su. A Yunin 1975 ya shigo sitidiyon Abbey Road suna tsakiyar aikin, ya yi ƙiba, ya aske kai da gira, har aka ɗauki lokaci abokansa ba su gane shi ba. Sanin wannan yana ƙara wa waƙar nauyi, amma ka fara jin ta tukuna ka ga ko ta tsaya da kanta.

Mataki na biyar: ƙirga kari, ka gane kayan kiɗa

Yawancin waƙoƙin rediyo bugu huɗu-huɗu suke tafiya. Waɗannan makaɗan suna son 5 da 7 da 9. Wurin koyo mafi sauƙi shi ne "Money" a The Dark Side of the Moon. Bayan ƙarar tsabar kuɗi da injin kanti, bes za ta shigo. Buga yatsa a cinya kana ƙirgawa, za ka ga zagayen na cika a 7. Da Gilmour ya karɓa da jita sai a koma 4, ka ji kamar an kwance maka ɗauri. Abin tambaya a kowane faifai shi ne ko karkataccen karin yana yi wa waƙar aiki, ko kuwa makaɗan na nuna maka sun iya lissafi ne kawai. In jikinka ya bi shi ba tare da ka ƙirga ba, ya yi aiki.

Akwai kuma wani sauti da za ka yi ta ji, mai kama da taron masu goge amma da ɗan rawar murya da dishi-dishi. Mellotron ke nan, wanda aka riƙa ƙerawa a Bamingham. Kowane maɓallinsa na da guntun tef a ƙarƙashi mai ɗauke da sautin goge ko sarewa ko muryoyin mutane, in ka danna ya juya na kamar daƙiƙa 8 ya ƙare. Dole mai kaɗawa ya riƙa ɗaga yatsu yana sauya wuri, shi ya sa sautin ke numfashi. Saurari "Epitaph" ta King Crimson, ko buɗewar "Watcher of the Skies" a Foxtrot. Ogan ɗin Hammond kuwa ya fi kaushi da cizo, shi ne makamin Keith Emerson a Tarkus, tare da Moog, na'urar da ke ƙirƙiro sauti daga lantarki. Da ka iya bambance waɗannan ukun za ka fara gane abin da kunnenka ke so. Wasu mutanen Mellotron ne, wasu na Hammond, kuma wannan kaɗai kan raba masoyin Genesis da na Emerson, Lake & Palmer.

Mataki na shida: nemi inda faifan ya fi rauni

Mai sayen atamfa ba ya yarda da bakin da aka nuna masa, sai an warware masa turmin ya duba har ƙarshe. Faifai kake zaɓa, ba waƙa ba, don haka sai ka koma littafinka ka duba mintocin da hankalinka ya gudu.

In the Court of the Crimson King yana da "21st Century Schizoid Man", wadda Kanye West ya ɗebi muryarta a "Power" a 2010, yana da "Epitaph". Amma yana da "Moonchild", minti 12, wanda kusan 9 daga ciki ƙananan taɓe-taɓe ne a hankali ba tare da tsari ba. Akwai masu jin daɗinsa. In kai kana tsallake shi kullum, to kashi ɗaya cikin huɗu na faifan ka yar. Tarkus gefensa na farko dutse ne, na biyun kuwa gajerun waƙoƙi ne, har da na barkwanci, waɗanda ba su kai ƙafar na farkon ba. Fragile yana da waƙoƙi 4 na ƙungiya, cikinsu da "Roundabout" da "Heart of the Sunrise", sai guntaye 5 da kowane ɗan ƙungiya ya yi nasa, wasu ba su wuce gwaji ba. Ko Selling England da nake ƙauna yana da "The Battle of Epping Forest", inda kalmomi suka yi wa kiɗan yawa har suna tattaka juna.

Ta wannan fuskar ne Close to the Edge ya yi wa saura nisa. Waƙa 3 ne kawai, babbar a gefe guda, "And You and I" da "Siberian Khatru" a ɗaya gefen, kuma babu wadda za ka cire. Wish You Were Here ma babu wadda za ka cire a cikinsa. Sai dai kada ka mayar da rashin aibi shi ne komai. Faifai mai tabo ɗaya da ƙololuwa biyu da ke tayar maka da tsikar jiki zai iya fin wanda ya tafi sumul bai taɓa girgiza ka ba. Abin da ake so shi ne ka san tabon, ka yanke hukunci kana sane da shi.

Mataki na bakwai: baitoci da bango

Kada ka wahalar da kanka wajen fassara Jon Anderson. Shi da kansa ya sha bayyana cewa sau da yawa amon kalma yake bi kafin ma'anarta. Roger Waters na Pink Floyd akasin haka ne, magana yake a fili. Gabriel yana wasa da kalmomi da sunayen kantuna da unguwannin Ingila, wanda sai ɗan ƙasa zai kama duka. Thick as a Brick kuwa waƙa ɗaya ce ta minti 43, kuma Ian Anderson ya yi ta ne da niyyar tsokanar masu sharhin da suka dage cewa faifansu Aqualung na 1971 labari ɗaya ne. Bangonta jaridar ƙauye ce ta ƙirƙira mai shafi 12, wadda ke cewa wani yaro ɗan shekara 8 ne ya rubuta baitocin. Duk da haka ta hau matsayi na ɗaya a Amurka.

Bangon faifai yana jan zuciya, musamman jar fuskar nan mai ihu ta King Crimson, wadda Barry Godber ya zana kafin ya rasu a 1970 yana ɗan shekara 24, da zane-zanen Roger Dean na Yes. Ka kalla, ka more, amma kada ka sa shi a sikeli.

Mataki na takwas: kara su bibbiyu

Kada ka ba faifai maki bisa goma, lambobin za su taru wuri ɗaya su ruɗe ka. Ka saurari kowanne aƙalla sau 3 a ranaku dabam-dabam, domin jin farko na mamaki ne, na biyu na gane hanya, a na uku ne za ka san ko kana so. Sannan ka fara da 'yan gida ɗaya: Foxtrot da Selling England, Fragile da Close to the Edge, Red da na 1969, Dark Side da Wish You Were Here. Tambaya ɗaya za ka yi: in an ce ɗaya za a goge daga wayarka har abada, wanne za ka riƙe? Amsar da ta fara zuwa ita ce ta gaskiya. Ta biyun yawanci kunyar jerin mujallu ce ke kawo ta.

Ka riƙe faifai ɗaya daga kowace ƙungiya a zagayen farko, in ba haka ba ƙungiya guda za ta mamaye maka wuri tun ba ka ji saura da kyau ba. Waɗanda suka tsira ka sake kara su har su rage 5. Daga nan ka ajiye su duka na tsawon wata guda, kada ka taɓa ko ɗaya. Wanda takensa ya riƙa zuwa maka da kansa kana tafiya ko kana aiki, shi ne na ɗaya, ko da a takarda ka sa shi na huɗu.

Nawa biyar ɗin su ne Red, Close to the Edge, Selling England by the Pound, Wish You Were Here, da Pawn Hearts. Na fifita Wish You Were Here a kan Dark Side duk da cewa na biyun ya shafe mako 741 a jerin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka tsakanin 1973 da 1988, saboda kewar da ke cikinsa ta mutum ɗaya ce sananne, kuma tana ratsa kowace waƙa. Na ɗora Red a kan Close to the Edge, alhali na yarda na Yes ɗin ya fi shi cikar gini, domin "Starless" tana kai ni inda babu wata waƙa a tulin da ke kai ni. Emerson, Lake & Palmer ba su shiga ba. Gwanintar Emerson ba ta da musu, amma sau da yawa ita nake ji maimakon waƙar.

Mataki na tara: fita daga manyan shida

In biyar ɗinka sun zauna, su ne za su nuna maka hanya. Wanda Genesis ta kama ya nufi Italiya, ƙasar da ta rungumi Genesis da Van der Graaf Generator tun kafin a san darajarsu a gida. Per un amico na Premiata Forneria Marconi da Darwin! na Banco del Mutuo Soccorso duk na 1972 ne, da Italiyanci aka rera su, kuma rashin jin harshen yana sa ka ji murya a matsayin kayan kiɗa. Mai son King Crimson ya koma Larks' Tongues in Aspic na 1973, sannan ya gwada Magma ta Faransa, inda mai gangunansu Christian Vander ya ƙirƙiro harshe nasa na kansa don waƙoƙinsu. Mai son taushi da ɗan jaz ya nemi In the Land of Grey and Pink na Caravan, 1971, daga garin Kantabiri. Mai son muryoyi masu saƙa da juna ya ɗauki Octopus na Gentle Giant, 1972. Mai son kiɗa zalla ya je ga Tubular Bells na 1973, wanda Mike Oldfield ya kaɗa yawancin kayansa da hannunsa yana ɗan shekara 19, shi ne kuma faifan farko da kamfanin Virgin ya fitar. Mai son nauyi da ƙarfi ya tsallaka Kanada wurin Rush, ya fara da 2112 na 1976.

Akwai kuma Osibisa, ƙungiyar da Teddy Osei da Sol Amarfio da Mac Tontoh 'yan Ghana suka kafa a Landan a 1969 tare da makaɗa daga Karibiyan da Lasisi Amao ɗan Najeriya. Roger Dean ne ya zana bangon faya-fayansu biyu na 1971, Osibisa da Woyaya, masu giwaye da fukafukai, kuma na farkon ya riga duk aikin da ya yi wa Yes. Ba kowane jeri ke lissafa su cikin prog ba, amma dogayen kiɗansu na ogan da ƙaho da ganguna sun fito daga gari ɗaya da zamani ɗaya da sauran. Kowane sabon faifai daga cikin waɗannan, ka bi da shi ta matakan nan, sannan ka kara shi da na biyar a jerinka. In ya kayar da shi ya karɓi wurin, ya kara da na huɗu.